Kafin a Sauya wa Keken Caji Birki Zuwa Na Mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan shafi mu yi magana da masu kekunan caji da kuma 'yan uwanmu masu gyara, a kan wani aiki da ake yawan nema yanzu, wato cire birkin waya a sa birkin mai mai faifai.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keken caji ya yawaita a titunanmu. Mai saye zai tambayi ƙarfin batir, ya tambayi kilomita nawa yake yi kafin caji ya ƙare, amma da wuya ka ji ya tambayi birki. Alhali lissafin a fili yake. Mutum mai nauyin kilo 75 a kan keke mai kilo 15, yana tafiyar kilomita 20 a awa, in zai tsaya, birki zai shanye ƙarfin da ya kai kimanin jul 1,400 (jul ma'aunin ƙarfi ne) ya mayar da shi zafi. Wannan mutumin dai, in ya hau keken caji mai kilo 30 yana gudun kilomita 40 a awa, abin da birki zai shanye ya kusa jul 6,500. Ya haura ninki huɗu da rabi ke nan, domin gudu in ya ninka sau biyu, aikin birki sau huɗu yake ninkawa. Ba a ma sa buhun shinkafa ko ɗan makaranta a baya ba tukuna.

Saboda haka muna goyon bayan sauyin. Wayar birki tana miƙewa, ƙurar hunturu tana shiga rigarta ta sa ta yi tauri, kuma yawancin kalifa (abin da ke matse faifan birki) mai waya gefe ɗaya take turawa, sai ta lanƙwasa faifan ya taɓa ɗaya gefen. Ta mai kuwa tana matse faifai daga ɓangarori biyu, kuma tana rage tazara da kanta yayin da fad, wato takalmin birki da ke gogar faifai, yake cinyewa. Sai dai aikin ya wuce kwance hannun birki a ɗaura wani. Akwai wurare uku da ake yin gyaran gangar auzinawa: mazaunin kalifa, wayar da ke kashe inji, da kuma man da ake zubawa.

A fara da duba keken kafin a je kasuwa. A jikin fok na gaba (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba) da firam na baya, ɓangaren hagu, akwai kunnuwa biyu da ake ɗaura kalifa. In ramukan suna kallon gefe, ba su da zare, tazararsu milimita 51, wannan shi ne tsarin IS, kuma dole sai da adafta. In kuwa ramukan masu zare ne, tazararsu milimita 74, kalifa tana zama a kai kai tsaye in faifan ya yi daidai da girman da aka ƙera fok ɗin dominsa, wanda yawanci milimita 160 ne. Adaftar IS tana rikita mutane da yawa, don ta gaba da ta baya ba ɗaya ba ce. Wadda aka rubuta F180/R160 a jikinta, a gaba tana ɗaukar faifai 180, a baya kuma 160. In aka yi kuskure, fad zai kama rabin bakin faifai kawai, saman fad ɗin ya ƙi cinyewa, wata rana tudun da ya rage a ɓangarorin biyu ya haɗu da juna, a matse birki keke ya ƙi tsayawa ga kuma sauran nama a jikin fad.

Keken da ba shi da waɗannan kunnuwa, shawararmu a sayi fok mai kunnuwa da tayar gaba mai mazaunin faifai, a bar birkin baya yadda yake. Kada a kai fok na alminiyam wurin mai walda ya liƙa kunne. Zafin walda yana raunana alminiyam, kuma daidai wurin ne duk ƙarfin birki yake sauka. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, don haka wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, ya gyara gaba tukuna.

Girman faifai kuma, 160 ya yi kaɗan ga keke mai nauyi. Faifai 180 yana ƙara ƙarfin kamu da kimanin kashi 12 cikin ɗari, 203 kuma kimanin kashi 27, ga saurin huce zafi. Amma kowane fok yana da iyakar faifan da kamfani ya yarda a sa masa, kuma fok mai araha sau da yawa iyakarsa 160 ko 180 ce. A duba kauri ma: faifan kamfanin Shimano milimita 1.8 ne, na Magura 2.0, Tektro kuma yana da mai 2.3 da aka yi musamman don kekunan caji. Faifai mai 2.3 ba zai juya sumul a cikin kalifar da aka yi don 1.8 ba, zai dinga gogawa. Kalifa mai fistin biyu irin Shimano MT200 ta isa mai yawon cikin gari shi kaɗai. Mai ɗaukar kaya ko mai goyo, ko wanda ke zaune a gari mai gangara irin Jos, ya nemi mai fistin huɗu, kamar MT420.

Yanzu sai babbar magana, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa. Hannun birkin da ya zo da keken caji ba hannu ne kawai ba. Akwai siririyar wayar wuta da ta fito daga cikinsa ta tafi kwantirola (akwatin da ke sarrafa wutar inji), aikinta ta kashe inji da zarar an taɓa birki. Hannun birkin mai na keken ƙafa ba shi da ita. Sai ka ga an ɗaura sabon birki mai kyau, an naɗe tsohuwar wayar an cusa ta a cikin roba, an ce ai ba ta da amfani. Ranar da totur (abin da ake murɗawa a ba inji wuta) ya maƙale saboda ruwan sama ko faɗuwa, ko kuma na'urar feda ta ci gaba da tura inji na ɗan lokaci bayan an daina taka feda, kamar yadda masu araha suke yi, birki da inji za su shiga kokawa a tsakiyar mahaɗa. A wasu kekunan, fitilar birki ta baya da mayar da caji cikin batir yayin tsayawa, dukansu da wannan waya suke aiki.

Hanya mafi tsabta ita ce a sayi birkin da aka ƙera da makunni a cikin hannunsa, irin Tektro HD-E350 ko Magura MT5e. Kafin saye a gwada tsohon hannun da mitar awon wuta. In waya biyu ce, a sa mita a wurin ƙara, a taɓa wayoyin, a matse hannu. In ta yi ƙara sai an matse, makunnin a buɗe yake zama, kuma irinsa za a nema. MT5e yana zuwa iri biyu, mai zama a buɗe da mai zama a rufe. In aka ɗauko wanda bai dace ba, keke zai ƙi tashi sai an riƙe birki, abin dariya a shago, abin kuka a titi. In waya uku ce, ɗaya tana ɗauke da bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, wato nagatif, ta ukun ita ke kai saƙo. Kada a dogara da launin waya ko launin soket, domin kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba, soket ja mai fil biyu da rawaya mai fil uku ba su shiga juna, kuma ko rawaya biyu sun shiga juna ba lallai jerin wayoyinsu ya zo ɗaya ba. A auna da mita. In aka haɗa bolt 5 da ta ƙasa, ana iya ƙona ɓangaren kwantirola da ke ba totur wuta, garin gyaran gira a rasa ido.

Hanya ta biyu, ga wanda ya riga ya sayi hannu marar makunni, ita ce ƙaramar na'ura mai maganaɗisu. Ana liƙa na'urar a jikin gidan hannun, maganaɗisun kuma a kan mariƙin da yatsa ke ja, tazararsu 'yan milimita kaɗan. In an ja mariƙi, maganaɗisu ya yi nisa, inji ya mutu. Salatif ɗin da ke zuwa da ita ba ya jure ranar Afirilu, narkewa yake yi. A goge wurin da sifirit, a nemo daidai wurin da za ta zauna ta hanyar gwaji, sannan a liƙa da gam mai haɗi biyu. Duk keken da ya ƙi tashi haka siddan alhali allo yana kunne, a fara duba ko maganaɗisun ya faɗi kafin a zargi batir.

Akwai hanya ta uku: kalifar da ake ja da waya amma cikinta mai ne, irin Zoom HB-100. Tsohon hannu da makunninsa suna nan, ba a taɓa wayar wuta. Ta fi birkin waya zalla, amma wayar tana nan da halinta, kuma ɗan man da ke ciki yana zaune dab da zafi. Ta yi wa mai tafiya a hankali. Ba ma ba mai ɗaukar kaya shawarar ta.

Ko wacce aka bi, gwajin ɗaya ne. A ɗaga tayar da inji yake, a murɗa totur, a ja birki sannu a hankali. Inji ya mutu tun kafin fad ya taɓa faifai. A gwada hagu, a gwada dama.

Wajen ɗaurawa, a cire batir tukuna, a danna maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta zube. Faifai mai ƙusa shida ana ɗaure shi da makullin tauraro T25, kibiyar da ke jikin faifan tana bin juyawar taya zuwa gaba. A ɗaura ƙusoshin a tsallake, wannan sai wadda ke fuskantarta, ba bi da bi a zagaye ba, da ɗigon Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana ƙusa kwancewa. Wajen ƙarfin ɗauri, wanda ake aunawa da Nm, Shimano ya ce 2 zuwa 4, SRAM ya ce 6.2. Kalifa da adafta kuma alanki 5 ne, 6 zuwa 8 Nm.

Tayar da inji ke cikinta tana da nata tarkon. Ramukan faifan suna jikin murfin inji, kuma a wasu injinan ramin ya huda har ciki. Doguwar ƙusa za ta shige ta taɓo naɗin tagulla ko ta hana inji juyawa. A yi amfani da ƙusoshin da suka zo da injin, ko a auna zurfin ramin da tsinke kafin a ɗaura. Bayan an ɗaura a juya taya da hannu a saurara. Sannan kalifa tana iya gogar murfin inji in faifan 160 ne, domin inji ya fi cibiyar taya ta yau da kullum faɗi. Faifai 180 yana ɗaga kalifa sama, yawanci ya warware matsalar. In wayar inji ta ɓangaren faifai take fitowa, a zare soket a zura faifan ta kanta, a ɗaure ta da kyau nesa da bakin faifai, don faifai yana yanka kamar reza. A mayar da washa masu harshe yadda aka same su, taya ta zauna har ƙarshen mazauninta, in ba haka ba kullum aka kwance taya sai an sake saita kalifa. A taɓa sifoki ma, domin birkin faifai ta cikinsu yake bi ya tsayar da taya, kuma sako-sakon sifoki ba ya daɗewa.

A kan ƙahon keke, matsewar milimita 22.2 ce, kusan kowane hannu yana shiga, amma wuri ne ke ƙaranci. Gidan totur yana iya tare mariƙi ya hana shi kaiwa ƙarshe. A sa hannun birki ta ciki, a tabbatar ana iya ja har ƙarshe ba tare da ya taɓa komai ba. In tsohon hannun a haɗe yake da na giya, sai an sayi na giya daban, wannan ma a sa shi cikin lissafi. A kuma tambayi mai keke wane hannu ya saba da shi. Yawancin kekuna suna zuwa da birkin gaba a hagu, amma wanda ya taso a kan babur hannunsa na dama ya san birkin gaba. A lokacin firgici hannu abin da ya saba yake yi.

Birkin yakan zo a cike da mai, tiyon gaba wajen santimita 80 zuwa 100, na baya 140 zuwa 170. Dogayen kekuna masu kujerar goyo na iya buƙatar mita biyu, don haka a auna tsohuwar waya kafin saye. A juya kan keke hagu da dama har ƙarshe, tiyo kada ya ɗame kuma kada ya yi lilo. In za a rage tsawo, a yanke a miƙe da wuƙa mai kaifi, ba da filaya ba, don filaya tana murƙushe bakin. Kowace yanka tana buƙatar sabon zoben tagulla da sabon ɗan hancin da ake cusawa cikin tiyo. Tsohon zobe ya riga ya matsu, ba ya sake toshewa. Na Shimano iri biyu ne, BH59 mai hanci ruwan zinare da BH90 mai hanci ruwan azurfa, a waje kaurinsu ɗaya amma ramin ciki ya bambanta. A ɗaure notin da sifana 8, wajen 5 zuwa 6 Nm.

Sai mai. A nan ne aka fi kashe birki sabo fil. Man birkin mota yana kowane shago, shi ya sa hannu yake saurin kaiwa gare shi. Amma Shimano, Tektro da Magura man ma'adinai suke sha, na Shimano ja-ja ne, na Magura shuɗi. Hope da yawancin samfuran SRAM na da su ne masu shan DOT 4 ko DOT 5.1, wato irin man birkin mota. Robobin da ke toshe fistin an yi su ne don mai iri ɗaya. In aka zuba ɗayan, robar za ta lalace, fistin ya maƙale ko ya fara yoyo, kuma wanki ba ya dawo da ita, sai dai sabon hannu da sabuwar kalifa da sabon tiyo. A karanta murfin tankin da ke kan hannu, an rubuta. Kada a zuba baƙin mai, kada a zuba man keken ɗinki, kada kuma a ɗauka DOT 5 ƙanin 5.1 ne, wani abu ne daban da ba ya shiga ko ɗaya. Ko sirinjin da ya taɓa DOT kada ya kusanci birkin man ma'adinai. DOT kuma yana tsotsar ruwa daga iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Kwalbar da aka buɗe tun damina ta bara ba ta da amfani. DOT yana kuma cin fenti.

In mariƙi ya yi laushi kamar soso, iska ce a ciki. Ga yadda ake fitar da ita a birkin Shimano. A cire taya, a cire fad a ajiye nesa, a sa katangar roba tsakanin fistin. A juya hannun birki ya kwanta daidai da ƙasa, a cire ƙaramar ƙusar da ke samansa, a ɗaura mazurari. A cika sirinji da mai, a fitar da kumfar cikinsa, a haɗa shi da nonon kalifa, a sassauta nonon kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na juyi ya isa, da sifana 7 ko alanki 3 gwargwadon samfuri. A tura mai sannu daga ƙasa zuwa sama, domin iska sama take so. Za a ga kumfa tana fitowa a mazurari. A dinga ƙwanƙwasa tiyo da kalifa da bayan sukudireba. In kumfa ta ƙare a rufe nono, a ja mariƙi sau da yawa ana ɗan karkata hannun sama da ƙasa har ya yi tauri, a toshe mazurari, a cire, a mayar da ƙusa. Kwalbar mililita 100 ta isa birki biyu har da saura. Dalilin katangar roba shi ne kada a cika mai fiye da kima. Wanda ya yi wannan fitar da iska da tsohon fad a ciki, ranar da ya sa sabo zai tarar taya ta ƙi juyawa, musamman in keke ya wuni a rana.

Saita kalifa ba wuya: a sassauta ƙusoshinta biyu, a matse birki a riƙe, a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. In tana gogawa, a sa farar takarda a ƙasa a leƙa ta sama, a ga haske a ɓangarorin faifai biyu.

Sabon birki ba ya kamu sosai sai an hore shi. A sami fili, a kai gudun kilomita 20 zuwa 25, a ja birki da ƙarfi daidai har a dawo tafiyar ƙafa, ba tare da tsayawa cak ko jan taya a ƙasa ba, sau 20 ga kowane birki, sannan sau 10 da gudu fiye da haka. Hakan yana shimfiɗa ɗan siririn fad a jikin faifai. Wanda ya tsallake wannan, shi ne birkinsa ke kuka kamar an taka kare. Fad na resin ba shi da ƙara amma yana saurin cinyewa, na ƙarfe ya fi jure zafi da laka, sai dai wasu faifan Shimano masu araha an rubuta a jikinsu cewa resin kawai suke ɗauka, kuma da gaske suke.

Mai keke kuma ya san cewa yatsa ɗaya ko biyu sun isa. Birki ba ya wuce abin da taya za ta iya riƙewa, kuma yashin da ke taruwa a gefen kwalta zai kwashe tayar gaba in aka damƙe da yatsu huɗu kamar yadda aka saba da birkin waya. In aka kai wa mai faci, a roƙe shi kada ya kifa keken kansa ƙasa, kuma kada yaro ya matse birki alhali taya tana waje. In an matse shi, a mayar da fistin da abin roba mai faɗi, ba da ƙarfe mai kaifi ba. Masu wanki kuma kada su fesa mai kusa da faifai. Fad ɗin da ya sha mai ya gama aiki, ƙona shi a wuta ba ya dawo da shi, a sauya, a wanke faifai da sifirit, ba da fetur ko kananzir ba.

A duba fad duk wata, a kuma ƙara dubawa lokacin hunturu da damina. Shimano ya sa iyaka a rabin milimita, amma a keken caji mun fi son a sauya tun yana milimita ɗaya. Iyakar kaurin faifai tana rubuce a jikinsa, 1.5 ga na Shimano, 1.8 ga na Magura. Mai kuma a sauya shi duk shekara in DOT ne, in na ma'adinai ne sai ya canja launi ko mariƙi ya fara laushi.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah Ya tsare hanya.

Naku,
Wasu masu gyaran kekunan caji, daga Kano.